ƘULLI NA BAKWAI

Shafi na 23

Na ga saƙonninku. Masu cewa na yi kwana tara ban sa komai ba, na ji. Da yatsa ɗaya nake rubutu, kuma wannan shafin ba shi da daɗin rubutawa. Mai gaggawa ya je ya ƙera tasa motar.

Sababbin shigowa da ke ta tambaya, ga shi a taƙaice, ba zan maimaita ba. Ni maƙerin bodin mota ne. Shekara arba'in da huɗu ina bugun ƙarfe, bodin tirela da na motocin kaya, da ma'aikata goma sha ɗaya. Shekara tara da suka wuce na ce zan ƙera motar gudu, irin gajerun nan da cikinsu ke kusan shafar kwalta, waɗanda ake cewa ba aikin irinmu ba ne. Aka yi dariya. Na ƙera. Sunanta Kibiya. Inji kaɗai na saya, shi ma sai da na kwance shi na sake ɗaurawa. A shafin baya kun ji hukuma ta yarda a gwada ta sau ɗaya tak, a tsohon filin jirgi na bayan gari, a gaban mutanensu da 'yan jarida. Babban ɗana ne zai tuƙa. Saura kwana ɗaya.

To.

Da hantsi ne. Ina goge mata gefen dama da ƙyalle. Babba, wato ɗan nawa, yana duba iskar tayoyi. Ƙanena, wanda kowa ke kira Mai Walda, yana zaune kan durom yana tsokanar ma'aikata, wai gobe duk wanda ya san fuskarsa ba ta karɓar hoto ya taimaka ya tsaya bayan mota.

Sai haske ya ragu a bakin ƙofa. Na ɗaga kai. 'Yata ce.

Injiniya nake ce mata, kuma ba yabo ba ne. Ta yi karatun da ban yi ba, tana aiki da masu gina gadoji. A sanina, shekara huɗu ba ta tako garejin nan ba, tun ranar da ta zaro tef ɗin awo a gabana, na karɓe na wurga shi bayan katanga.

Ta gaishe ni yadda ya kamata. Mai Walda ya ce yau za a yi ruwa da ƙanƙara, 'yar boko ta tuna hanyar gidan talakawa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce tana so ma'aikata su ba mu wuri.

Na ce a garejina ni ke sallamar mutane. Amma na dubi fuskarta. Irin fuskar da uwarta ke yi ce idan an yi rasuwa ana neman mai faɗa. Na ɗaga hannu, suka fita.

"Baba, motar nan ba daidai take ba."

Na ci gaba da gogata.

"Gefen dama ya fi na hagu gajarta. Daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya. Yatsa biyu."

"In ji wa?"

"Ni na auna. Sau uku."

Na tambayi wanda ya buɗe mata ƙofa. Babba ya sunkuyar da kai yana murza murfin bawul ɗin taya kamar a can amsar take. Ashe jiya ne, lokacin da na je ofishin hukuma sa hannu.

Bari in gaya muku abin da ban taɓa faɗa ba a shafukan nan. Ba na awo da tef. Ina da igiya. Ta auduga ce, kaurinta kamar ƙaramin yatsa, ta yi baƙi ƙirin da maiƙo, da ƙulli goma sha biyu a jikinta. Maigidana da ya koya mini sana'a shi ya ba ni ita ranar da ya sallame ni. Da ita na auna kowace tirela da ta fita daga ƙofar nan, kuma babu wadda aka dawo mini da ita. Tare da igiyar ya ba ni doka ɗaya. Ya ce mai auna abu sau biyu bai yarda da hannunsa ba, wanda bai yarda da hannunsa ba kuwa ya ajiye guduma ya je ya sayar da ashana. Tun daga ranar, abin da na auna ya aunu. Ba na komawa.

Tsakanin tayar gaba da ta baya a jikin Kibiya, ƙulli bakwai ne. Haka na yanke.

Injiniya ta ce ba ta zo mu yi musu a kan tef ba. Ta ce in bar nata, in auna da tawa.

"Ba na auna abu sau biyu."

"Na sani, Baba. Ban taɓa roƙonka komai ba. Ko ranar da zan tafi makaranta ban roƙe ka ka raka ni ba. Yau ina roƙo."

Mai Walda ya sauko daga kan durom. Wasan nan nasa duk ya ɗauke.

Na ciro igiyar don in rufe mata baki. Allah ya sani, dalilina ke nan. Na ce wa Babba ya riƙe bakinta a tsakiyar tayar gaba ta dama. Na ja. Ƙulli na bakwai ya zauna a tsakiyar tayar baya daram, kamar can aka haife shi. Na dubi Injiniya. Ta ce saura hagu.

Muka zagaya. Babba ya riƙe. Na ja.

Ƙullin bai kai ba.

Na ce masa ya riƙe da kyau, ba rigar wanki aka ba shi ba. Ya gyara. Na sake ja har igiyar ta yi ƙara. Tsakanin ƙullin da inda ya kamata ya zauna na sa yatsuna biyu. Suka shige cif.

A waje wani yana buga ƙarfe a garejin maƙwabta, na ji kowane bugu a haƙorina.

Na juya kan ƙanena. Na ce hannu biyu ne kawai suka taɓa ƙashin motar nan, wato shasi, nawa da nasa. Ni na yanka, shi ya haɗa. In akwai ɓarna, ba a yanka take ba.

"Na faɗa maka, Yaya."

"Yaushe?"

"Shekara shida ke nan. Ranar da muka zo haɗa hagu da dama. Na ce maka bakin ƙarafan ba ya haɗuwa."

"Me na ce?"

"Ka ce in walda ta gagare ni, in koma yin ƙofofin shago. A gaban yara ka faɗa."

Na tuna. Har dariyar da aka yi na tuna.

Ya ce da ya ga haka sai ya jira na fita, ya gasa ƙarafan da wuta ya lanƙwasa su har suka haɗu. Ya ce ya yi zaton abu kaɗan ne, bodi zai rufe. Kuma bodi ya rufe. Shekara uku na yi ina buga mata fatar alminiyon da guduma, taƙi bayan taƙi, babu inji babu zane. Duk inda ƙashi ya karkace, hannuna ya bi shi ya lulluɓe, ni ban sani ba. Mutane suna zuwa suna shafa ta suna cewa ba su taɓa ganin aikin hannu mai santsi haka ba. Ashe ƙarya nake yi wa fenti.

Na dubi Babba. Shi kaɗai ne ya taɓa tuƙa ta, a ɗan titin bayan garejinmu, inda ba a wuce giya ta huɗu saboda gajartarsa. Giya shida gare ta. Na tambaye shi ko tana ja.

"Kaɗan, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

Injiniya ta kama hannunsa na hagu ta ɗaga. Akwai bandeji a wuyan hannun, wata takwas ke nan. Ce mini ya yi santsi ya kwashe shi a banɗaki. Ta ce ba banɗaki ba ne, sitiyari ne. Motar tana ja dama, shi yana danne ta hagu da ƙarfin tsiya, kullum, don kada in gani daga inda nake tsaye.

Ya fizge hannunsa ya ce ta cika baki, tun suna yara haka take, ko kaza ta yi tari sai ta kai rahoto. Ta ce gara mai kai rahoto da mai kai kansa kabari don a ce masa ɗan albarka.

Na ce su rufe mini baki. Suka rufe.

Sai ta yi bayani, a hankali, kamar mai karanta wa majinyaci takardar likita. A giya ta huɗu hannun namiji zai iya riƙe ta. A ta biyar, wataƙila. A ta shida babu hannun da zai riƙe. Idan kuma ya taka birki a wannan gudun, bayanta zai zagayo gabanta. Kuma hukuma ta shida take so ta gani, don da wannan alkawarin na je musu.

Na tambayi gyara. Ta ce a yanke gefen dama duka a sake. In an sake ƙashi, fatar ma ba za ta zauna ba, sai an buga sabuwa.

Na dubi hannuwana. Shekarata saba'in da ɗaya. Tun bara in na riƙe kofin shayi sai na tallafe shi da ɗaya hannun. Fatar nan da na buga ita ce ta ƙarshe, na sani, su ma sun sani. Hukuma kuwa sau ɗaya ta ce. Shekara biyu ina zirga-zirga kafin su ba ni wannan ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na ce igiyata ba ta ƙarya.

"To ɗaya ne cikin biyu, Baba. Ko igiyar ta canza, ko hannun da ya riƙe ta."

Da namiji ne ya faɗa mini haka, da ban san abin da zai faru ba. Na nuna mata ƙofa. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi wanta, ta fita.

Babba ya matso. Mutum ne mai shekara arba'in, da 'ya'ya uku, amma in zai yi mini magana har yanzu hannunsa a baya yake.

"Zan iya riƙe ta, Baba. Na san halinta. Kada ka fasa saboda ni."

Nan ne wurin. Ku da kuke karantawa, ku riƙe wannan wurin. Kalma ɗaya ake nema daga bakina. Na buɗe baki, na ga ma'aikata sun leƙo ta taga, na rufe. Na naɗe igiyata na sa a aljihu na kama hanyar gida.

A gidana da garejina doka ɗaya ce. In na faɗi magana ban janye ta da bakina ba, tana nan. Shiruna ba ya nufin a dakata. Ni na koya musu haka.

Na tarar da uwarsu tana shanya a tsakar gida. Shekara arba'in da shida muna tare. Ta dube ni ta ce lafiya na dawo da rana tsaka, ko motar ce ta kore ni. Na zauna kan benci, na ciro igiyar na ajiye a gabana ina kallo.

Ta tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu. Ruwa yana ɗiga a ƙafarta, ba ta matsa ba.

Na gaya mata abin da aka gani. Ban saba kawo mata maganar gareji ba, amma ranar bakina ya yi nauyi da yawa, sai da na sauke. Na ce gefen hagu na fara yi, don haka na koya, ka gama gefe ɗaya sannan ka juya. Na gama shi ciwo ya kwantar da ni, aka yi mini aiki a asibiti, na yi wata biyu. Da na tashi na yi gefen dama. Igiya ɗaya, hannu ɗaya. Ta ina ɓarna ta shiga?

Ta ajiye rigar a cikin bokiti. Ta zo ta zauna a ƙasa, nesa da ni kaɗan.

"Malam, na wanke ta."

Na ce me.

"Igiyar. Kana asibiti. Na kwaso kayan aikinka na zuba a tafasasshen ruwa da sabulu, yadda nake yi wa masu maiƙo. Ban san tana aljihu ba. Sai da na zo shanya."

Ta ce igiyar ta fito fari-fari kamar ba ita ba. Ta ce kwana uku ba ta iya cin abinci ba. Ta aika aka karɓo mata baƙin mai a wurin ƙanena, wai za ta sa wa ƙyauren ɗaki, ta zauna tana shafa wa igiyar tana shanyawa a inuwa, har ta koma baƙa. Ta mayar aljihu. Da na dawo gida na laluba na ji ta, ban ce komai ba, ita ma ta yi shiru.

"Ni launi na ji wa tsoro. Ban san tsawo na gudu ba. Wallahi ban sani ba."

Auduga ce. Kowace mace mai wanki ta san abin da ruwan zafi ke yi wa auduga, amma a riga ta sani, ba a ma'auni ba. Ni kuma na san ma'auni, ban taɓa wanke ko hula ba.

"Shekara bakwai. Me ya hana ki faɗa?"

Ta ɗago ta dube ni. Ban tuna rabon da ta dube ni ido cikin ido ba.

"Wa ke gaya maka magana, Malam?"

Ta ci gaba.

"Ranar da na fasa maka kofi, mako biyu ba ka yi mini magana ba. Kofi. To igiyar maigidanka fa?"

Ta ce a gidan nan kowa ya iya gyara abu a ɓoye. Ita ta iya, ƙanena ya iya, yaran sun iya tun kafin su iya ɗaura takalmi. In an yi ɓarna ba a zuwa wurina, wurin juna ake zuwa, a lallaɓa a rufe kafin in shigo. Ta ce na ɗauka gidana babu kuskure ne, alhali gidan masu ɗinke ɓaraka ne. Ɗaya ce kawai ta ƙi koyon wannan sana'ar, ita ce na wurga wa tef bayan katanga.

Duk da haka zuciyata ba ta sauka ba. Na ce magana ce kawai, ina shaida.

Ta nuna ƙofar ɗakina da haɓa.

A jikin katakon ƙofar akwai tsaga da na yi da wuƙa, shekara ashirin da takwas da suka wuce. Ranar ce Babba ya kai tsawon ƙulli huɗu. Yana ɗan shekara goma sha biyu, kullum sai ya dame ni in auna shi, don na ce masa ranar da ya kai ƙulli huɗu zan bar shi ya riƙe sitiyari. Da ya kai, na tsaga katakon, na ɗora shi kan cinyata a cikin tsohuwar motar kaya, ya tuƙa mu daga bakin gareji zuwa bakin titi. Ranar ya yi ta dariya har da shaƙuwa.

Na taka bakin igiyar da ƙafa a ƙasa. Na ja ta sama.

Ƙulli na huɗu ya tsaya ƙasa da tsagar. Yatsa ɗaya da ɗan ɗoriya.

Sau biyu ke nan a rana ɗaya na auna abin da na riga na auna. Sau biyu kuma ya ƙaryata ni.

Ina tsaye da igiya a hannu ta yi magana daga bayana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Motar taka ce, ka yi yadda ka ga dama da ita. Yaron nawa ne."

Ta koma shanyarta.

Yanzu zan faɗi abin da ya hana ni rubutu kwana tara. A lokacin nan na riga na san ba za a yi gwajin ba. Na sani sarai. Waya tana aljihuna. Da na ciro na kira Babba na ce an fasa, da shi ke nan.

Ban kira ba. Na koma kan benci na zauna ina neman yadda zan janye magana ba tare da an ce na janye ba. Na ce ko in ce inji ne ya yi tari. Ko in ce hukuma ce ta ɗaga. Ko in kwanta in ce ciwona ya tashi. Na yi ta juya ƙarya ina duba wadda za ta fi zama da rawani a kaina. Inuwar katanga ta tashi daga bakin bokiti ta kai ƙafata. Awa guda da wani abu.

Daga ƙarshe na ga babu wadda za ta yi. Na miƙe na ce zan je in faɗa da bakina, a gaban ma'aikatan, yadda na kunyata ƙanena a gabansu.

Tun daga kan kwana na ga ƙofar gareji a wangale, duka ɓangare biyu. Ba ma buɗe ta haka sai za a fitar da mota.

Inda Kibiya take tsayawa babu komai sai ɗigon mai da ƙyallen da na yar da safe. Motar ɗaukar kaya ma ba ta nan. Mai Walda yana zaune kan durom ɗinsa, ya haɗa kai da gwiwa.

"Ina take?"

"Ya tafi da ita filin jirgi, Yaya. Shi da mutum biyu."

"Gobe ne gwaji."

"Ya ce zai shiga ta shida yau, babu kowa. In ta riƙu, gobe ya san abin da zai yi. In kuma za ta kunyata ka, gara ta yi ba a gaban mutane ba."

Na ce shi yana zaune yana kallo, da gemunsa, ya bar yaro ya fita.

Ya ce ya tare ƙofa. Ya ce har makullin motar kayan ya ɓoye a aljihu. Babba ya tsaya a gabansa ya yi masa tambaya ɗaya.

"Ya ce, Kawu, Baba ya janye? Na ce a'a. Ya miƙo hannu. Me zan ce masa, Yaya? Ka janye?"

Na ciro waya na kira. Wayar Babba ta yi ƙara a bayana. Tana kan teburin aiki, kusa da sifana, ya kife ta. Na kira ɗaya daga cikin waɗanda suka bi shi, a kashe. Ɗayan ba ya ɗagawa. Na san wanda ya ce su yi haka, kuma na san a wurin wa ya koya.

Lambar Injiniya ba ta cikin wayata. Ƙanena ne ya kira ta. Ko minti goma ba a yi ba ta iso da 'yar ƙaramar motarta, ashe ba ta yi nisa ba, tana bakin wani titi can bayan unguwa a zaune tun da na kore ta. Na shiga gaba, ƙanena ya shiga baya. Ban taɓa shiga motar da mace ke ja ba sai ranar.

Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Tana tuƙi tana danna ham, tana kutsawa tsakanin manyan motoci, leɓenta yana motsi. A gaban gilashi na ga wani tsohon tef, murfinsa a fashe, an ɗaure shi da roba. Na gane shi.

Ta ga ina kallo. Ta ce ranar da na wurga shi ta zagaya bayan katanga ta ɗauko abinta. Da shi ta auna jiya.

Na so in ce wani abu. Ban saba ba, ban san ta inda ake farawa ba. Na ce ta ƙara wuta.

Filin jirgin yana da shinge mai tsawo da ƙofar ƙarfe. Mun tarar da ƙofar a rufe da sarƙa, mai gadi ya bi su ciki kallo. Daga nan ba a ganin titin jirgin, ciyawa ta fi mutum tsawo, sai wata 'yar hanya da ta ratsa ta. Injiniya tana jijjiga ƙofa tana kira. Mai Walda yana neman inda wayar shinge ta yage.

Sai na ji muryar Kibiya.

Ni na ɗaura injin nan da hannuna. Ko cikin motoci dubu ya yi tari na san shi. Yana can nesa, a ƙarshen filin, yana gurnani a tsaye. Sai ya ɗauka.

Giya ta ɗaya.

Ta biyu.

Ƙanena ya ɗaga wayar shinge, na kutsa ta ƙasa, rigata ta yage har baya. Na miƙe na kama gudu. Rabona da gudu shekara talatin.

Ta uku.

Ciyawa tana dukan fuskata. Takalmi ɗaya ya fita, na bar shi. Ina kiransa da sunan da ban kira shi da shi ba tun yana goye. Ina cewa na janye. Da ƙarfi nake faɗa, ban damu da wanda zai ji ba. Na janye, na janye.

Ta huɗu. Nan ya saba tsayawa.

Bai tsaya ba.

Ta biyar. Ban taɓa jin muryarta a nan ba. Allah ya gafarta mini, ko a cikin wannan halin sai da wani abu a ƙirjina ya ce, ji aikin hannunka.

Na faɗi. Na tashi. Na hango bakin kwalta ta tsakanin ciyawa, saura taku kaɗan.

Na ji ya saki totur, na ɗan lokacin nan da ake sauya giya. Na tsaya cak da igiyar a hannuna, ban san lokacin da na ciro ta ba.

Ta shida ta shiga.

Na ja numfashi ɗaya. Na ja na biyu.

Kafin na uku, sautin ya ɗauke. Abin da na tarar a kan kwaltar, sai a shafi na gaba.